Bayan An Gama Gashi: Yadda Ake Kula Da Fata Da Naman Da Na'ura Ta Taɓa

Ranar da Addata ta dawo Gombe bayan an kammala mata gashin sankarar mama, wato maganin da ake yi da hasken na'ura, gidanmu ya cika da 'yan barka. Mako biyar ta yi a garin da aka yi mata gashin, Litinin zuwa Juma'a ana kwantar da ita ƙarƙashin na'ura, zama 25. Fatar ƙirjinta ta yi baƙi, ta saɓule ta wajen hammata, amma cikin wata guda da 'yan kwanaki ta warke. Muka yi hamdala, muka ɗauka magana ta ƙare.

Sai da aka shekara biyu kafaɗar ta fara riƙewa, har ɗaura ɗankwali ya gagare ta. Wata maƙwabciya, da zuciya ɗaya, ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho. Aka yi. Tsaga ce 'yar ƙarama, irin wadda a jikin kowa kwana huɗu ya isa ta kame. Ɗaya daga ciki ta zama gyambon da muka yi wata bakwai muna jinya. Ranar da likita ya buɗe wurin, ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Hajiya, wannan fatar ba irin sauran fatar jikinki ba ce, kuma ba za ta sake zama irinta ba." Abin da na tattara tun daga ranar, daga bakin likitoci da masu wankin ciwo da kuma abin da idona ya gani, shi na kawo a nan domin wanda aka yi wa gashi da wanda yake kula da shi.

Me ya faru da wurin

Kalmar gashi da muke amfani da ita tana ruɗar mutane. Da an ji ta sai a tuna ƙunar wuta, wadda take warkewa ta bar tabo, shi ke nan. Hasken na'ura ba haka yake aiki ba. Yana ratsa fata da nama ya kai ga ƙwayoyin cutar, a kan hanyarsa kuma yana taɓa ƙananan hanyoyin jini masu ciyar da wurin. Waɗannan hanyoyi ba rana ɗaya suke lalacewa ba. A hankali suke ƙanƙancewa, wasu su toshe, jinin da ke zuwa ya ragu. Ƙwayoyin da ke gyaran rauni kuma sai su yi ta zuba wani abu mai tauri irin na tabo ba tsayawa, naman ya ƙandare. Ƙofofin gumi da na maiƙo su mutu, shi ya sa wurin yake bushewa, gashin hammata ko gemu ya ƙi fitowa.

Likitoci sun raba illar gida biyu. Wadda ta bayyana cikin kwana 90 ita ce ta farko, kuma yawanci tana wucewa. Wadda ta biyo bayan haka ita ce ta daga baya, tana iya zuwa bayan wata shida, bayan shekara uku, har bayan shekara goma. Ba kowa take samu da tsanani ba. Da yawa ba ta wuce bushewa da canjin launi. Ta fi nauyi ga wanda aka ba shi haske mai yawa, kamar masu sankarar kai da wuya da akan ba su kusan mako bakwai, da wanda aka haɗa masa da kemo (maganin sankara da ake bayarwa ta ƙarin ruwa ko ƙwaya), da wanda aka yi wa tiyata a wurin, da mai ciwon suga, da mai shan taba.

Kuma a sani, wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa. A ci abinci da shi kwano ɗaya, in mace ce ta ɗauki jikanta. Na ga an ware wa wata baiwar Allah kofi da tabarma saboda wannan tsoron, abin ya tsaya mini a rai.

Mataki na farko: takarda da iyakar wurin

Da yawa daga mutanenmu na Gombe da Bauchi tafiya suke yi domin gashi, wasu Shika a Zariya, wasu Abuja. An gama, an dawo gida, fayil ya zauna can. Kafin ku baro asibitin, ku roƙi takardar taƙaitaccen bayani: wane ɓangaren jiki aka haska, jimlar hasken nawa (za ku ga lamba da haruffan Gy a gefenta, misali 50 ko 40 ga mama, 66 zuwa 70 ga kai da wuya), zama nawa, yaushe aka fara, yaushe aka gama, an haɗa da kemo ko a'a. Wanda ya riga ya dawo ba tare da ita ba, ya nema a zuwansa na gaba. Ku ɗauki hotonta a waya, ku tura wa mutum biyu a dangi.

Sannan ku san iyakar wurin. Ɗigon da aka yi da tawada a fata lokacin gashi yana nuna inda aka daidaita na'ura, amma hasken ya fi faɗin abin da ido ke gani, kuma inda ya shiga ta gaba yakan fita ta baya. Matar da aka haska mata saman ƙashin wuya tana iya ganin canji a bayan kafaɗa. A nan ne ma aka yi wa Adda ƙahon, domin babu wanda ya kawo a ransa cewa baya ma yana ciki. Ku tambayi likita ya zagaya muku wurin da yatsa, gaba da baya.

Mataki na biyu: duba wurin sau ɗaya a wata

Ku zaɓi rana, ko ranar da aka ga wata ce, a duba da hasken rana ba da fitila ba. Inda ido ba ya kaiwa a sa 'ya ko miji ko ƙanwa. A ɗauki hoto daga nesa ɗaya kowane lokaci, saboda canjin yana tafiya sannu-sannu har mai jikin ba ya lura.

Yawancin bayanan da za ku gani a intanet suna cewa a lura da jan fata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Mu abin da za mu nema shi ne wurin ya ƙara duhu ko ya ɗauki sheƙi, sannan a ɗora bayan hannu a gwada ɗuminsa da na ɗaya gefen. A matsa a ji ko naman ya yi tauri kamar katako, a ɗan tsunkula a ga ko fatar tana ɗagowa. A duba tsagewa, ɓawon da ke faɗuwa ya dawo, ƙullutu, ko ruwa. Dabbare-dabbaren fari da baƙi, da siraran jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, abu ne da aka saba gani, ba su da haɗari, sai dai a nuna wa likita a zuwa na gaba.

Mataki na uku: wanka, mai da sutura

Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu mara ƙamshi mara kaifi, da tafin hannu. Ban da soso, ban da dutsen goge kaushi, ban da sabulun da ke da kanwa ko toka da yawa. In an fito a daddanna tawul, kada a goga. Kafin jiki ya gama bushewa a shafa mai: Vaseline fari, ko man kaɗanya tsantsa wanda ba a haɗa shi da turare ba. Sau biyu a rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe da dunduniyar mai lafiya ma, a ƙara zuwa uku ko huɗu. Tsagewar hunturu ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, a wurin da jini ya yi ƙaranci kuwa ba ta rufuwa da wuri.

Da bazara matsalar takan juya. Wurin ba ya gumi, ba ya jure rana. A rufe shi da yadin auduga mai laushi, sakakke. Wuya da fuska da ba sa rufuwa, a sa malafa ko mayafi, in da hali a shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama. Manomi da ɗan acaɓa da mai talla su fi kowa kiyaye wannan.

Akwai abubuwan da takardun asibiti ba sa ambata domin ba a rubuta su don gidajenmu ba. Ɗaurin ƙirji da zanin goyo suna zama daidai kan inda aka haska wa mai sankarar mama. Kullin majanyi yana gurzar wurin duk yini. A sassauta, a sa riga mai laushi a ƙasa, goyon kuma a bar wa wani in zai yiwu. Rigar mama mai ƙarfe a ciki a ajiye ta. Girki a murhu, inda ake sunkuyawa ƙirji na fuskantar wuta, a ja baya, a sa muciya doguwa, domin wurin yakan rasa ji, mutum ya ƙone bai sani ba. Namijin da aka haska wa wuya ya bar reza da askar wanzami a wurin, ya rage gemu da almakashi ko injin aski.

Mataki na huɗu: abin da ba a yi wa wurin ko da wa ya ce

Ƙaho, tsaga, sakiya, gashi da tsumma da ruwan zafi, man zafi irin su Robb da Aboniki, ƙanƙara kai tsaye, filasta mai manne wa fata, lalle mai haɗin sinadari. Duk waɗannan a wani wurin jiki wataƙila a wanye lafiya, a nan kuwa a'a. Matar da ta haihu bayan an taɓa yi mata gashi, a gaya wa mai yi mata wankan jego cewa tafasasshen ruwa da ganye ba za su taɓa wurin ba, ko da za a yi ɓacin rai.

Man bilicin yana buƙatar magana ta musamman. Wurin ya yi baƙi, mace tana jin nauyin mijinta ya gani, mai shago ya ce yana da abin da zai goge shi cikin mako biyu. Yawancin waɗannan mayukan suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata, ita kuwa wannan fatar da ma ta riga ta sirance. Baƙin yakan ragu da kansa cikin watanni, wani kuma ya zauna. In ya dame ki, likitan fata za ki gani.

A dangi ba a rasa mai matsa lamba. Abin da Adda ta koyi faɗa shi ne, "Goggo, na gode, amma likita ya hana a taɓa wurin." Ba ta ƙara komai a kai, kuma yana isa.

Mataki na biyar: motsa wurin kafin ya ƙandare

Taurin nama ya fi sauƙin hanawa a kan warwarewa, shi ya sa motsa jiki ba ya ƙarewa ranar da aka sallami mutum. Mai sankarar mama ta tsaya gaban bango, ta tafi da yatsu sama kamar gizo-gizo na hawa, har inda ta ji ja amma ba zafi ba, ta tsaya ta ƙirga ashirin zuwa talatin, ta sauko. Ta yi ta gaba, ta juya ta yi ta gefe. Ta kwanta rigingine ta riƙe muciya da hannu biyu ta kai ta bayan kai. Safe da yamma, kullum. A yi alama da alli a bango domin a ga ci gaba.

Wanda aka haska wa baki, maƙogwaro ko wuya, haɗarinsa muƙamuƙi ya kulle. Gwajin mai sauƙi ne: yatsu uku a jere, a tsaye, su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Likitoci suna ɗaukar buɗewar da ta gaza milimita 35 a matsayin matsala. In yatsu uku sun fara ƙin shiga, a buɗe baki iya iyawa, a riƙe, a saki, sau da yawa a rana. A asibiti sukan koya yadda ake jera 'yan katakon danne harshe a ƙara ɗaya-ɗaya. Wuya ma a juya shi dama da hagu, sama da ƙasa.

Sai babban gargaɗi ga waɗannan: kada a cire haƙori a ko'ina sai likitan haƙori ya san an yi gashi, ya kuma ga takardar. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa da ya sha haske yana iya ƙin warkewa bayan cire haƙori, ya ruɓe a hankali, kuma wannan haɗarin ba ya gushewa da shekaru. Yawu yakan ƙafe, haƙora su lalace da sauri, don haka buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, kurɓar ruwa a kai a kai, a rage alewa da shayi mai suga. Wanda aka haska wa wuya ya tuna wa likita gwajin jinin maƙoƙo lokaci-lokaci, domin kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili suna iya zama daga nan.

Akwai wadda kunya take hana a faɗa. Matar da aka yi wa gashin bakin mahaifa, gabanta yana iya bushewa ya tsuke, saduwa ta zama azaba, likita ma ya kasa duba ta, alhali dubawar ce ke nuna ko cutar ta dawo. Ana ba da wani abu mai santsi, girma-girma, da ake sakawa na 'yan mintuna sau biyu ko uku a mako bayan ciki ya warke, tare da man santsi na ruwa. Ki tambayi nas ɗin sashen, mace 'yar'uwarki, ta nuna miki. Kayan mata na matsi kuwa, ko wane iri, ki nisance su. Maigida kuma ya sani wannan ba ƙi ba ne, ciwo ne mai magani, haƙurinsa yana cikin maganin.

In tauri ya riga ya kama, a nemi sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Sunan sashen ma yana da gashi a ciki, to ku gaya musu tun a bakin ƙofa cewa wurin ya sha hasken sankara, domin su san ba za a ɗora fitilar zafi a kai ba. Likitan sankara kuma yana iya rubuta fentoksifilin, wanda ake sayarwa da sunan Trental, tare da bitamin E. Watanni ake sha kafin a ga sauyi, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma bai dace da mai shan maganin tsinka jini ko mai zubar jini ba sai da sa idon likita. Kada a saya a kemis don an ji suna.

Mataki na shida: kumburin hannu ko ƙafa

In an cire kaluluwar hammata ko an haska ta, ruwan da take kwashewa yana iya taruwa a hannu. Haka ƙafa bayan gashin mara. Alamar farko zobe ko awarwaro ya matse, ko hannu ya yi nauyi da yamma. A samu tef ɗin tela, a auna hannu biyu a wuri ɗaya, misali santimita 10 sama da gwiwar hannu da 10 ƙasa da ita, a rubuta. Bambancin da ya kai santimita 2 dalili ne na zuwa asibiti. Maganinsa naɗi na musamman, safar matsi daidai girman hannun, tausa mai laushi da aka koya, da motsa hannun. Ƙwayar sa fitsari ba ta magance shi. Aiki bai haramta ba, a dai ƙara nauyi sannu a hankali. Allura da awon jini, in akwai zaɓi, a miƙa ɗaya hannun.

Hannun da ya kumbura ya yi zafi, ya yi duhu, ga zazzaɓi da rawar sanyi: wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma ranar ake zuwa asibiti. Kada a tsaya shan maganin maleriya a gida a ga abin da gobe za ta yi.

Mataki na bakwai: idan miki ya buɗe

A wanke hannu, a wanke mikin da ruwan gishirin asibiti, irin na leda da ake ƙarin ruwa da shi, a rufe da gozi mai Vaseline wanda ba ya mannewa, a naɗe da bandeji maimakon filasta. Ban da sifirit, ban da fasa kafso a barbaɗa, ban da garin magani, ban da shuɗin maganin nan da ke rina ciwo har likita ya kasa ganin launinsa. Sannan a kai shi asibiti a gani cikin kwana biyu ko uku, ko da bai kai ƙwayar wake ba. Mu mako uku muka yi muna barbaɗa kafso, kuma har yau ina jin ciwon wannan jinkirin.

Gyambon gashi yana da zafi fiye da girmansa, gindinsa fari-fari ko rawaya, gefensa da tauri. A ido yana kama da sankarar da ta dawo, shi ya sa likita zai iya cewa a yanki ɗan nama a kai gwaji. Mutane suna tsoron wannan, ana cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Gwajin ne kaɗai zai raba tsakanin biyun, kuma maganinsu ya sha bamban. Na Adda ya fito ba cutar ba ce, ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ƙaramin miki yana rufuwa da wanki na ƙa'ida da haƙuri. Mai zurfi yakan buƙaci a yanke mataccen naman duka, a ɗauko tsoka da fata masu hanyar jininsu daga inda haske bai taɓa ba, kamar gadon baya, a rufe wurin. Fatar da aka yanko siririya ita kaɗai ba ta cika kamawa a nan ba. Wannan aikin likitan gyaran fata ne. A gida kuma aikinku abinci: wake, ƙwai, kifi, nono, awara, gyaɗa, zogale. Mai suga ya daidaita sugansa. Sigari, shisha da tabar gari a daina gaba ɗaya, domin suna ƙara tsuke hanyoyin jinin da da ma ba su isa ba.

Mataki na takwas: shekaru masu zuwa

Duk ma'aikacin lafiyar da zai yi muku wani aiki kusa da wurin, tiyata ce, ɗinki ne ko fasa maruru, ku fara gaya masa an yi gashi, ku nuna hoton takardar. In an sake sa ku a kemo, wurin da ya warke tuntuni yana iya tashi kamar jiya aka haska shi. Ku sanar da likita a ranar, domin maganin ne ya tayar da shi.

Abu na ƙarshe ba kasafai yake faruwa ba, amma ya kamata a san shi. Bayan shekaru, sau da yawa biyar zuwa goma ko fiye, sabuwar sankara tana iya fitowa a cikin wurin da aka haska. Amfanin gashin ya rinjayi wannan haɗarin nesa ba kusa ba, kada ya hana kowa karɓar magani. Alamunta ƙullutu sabo, ɓawon da ke zubar da jini ya ƙi warkewa, ko a mama wani tabo mai duhu kamar an buge mutum alhali bai bugu ba, yana faɗaɗa maimakon ya baje. Ko asibiti sun ce sai shekara-shekara za a riƙa zuwa, irin wannan ba a jira ranar da aka rubuta a kati. A ɗauki hotunan watannin baya da takardar gashin, a tafi da su.